Yadda Za Ka Leƙa Cikin Fayil Kafin Ka Danna "Open": Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa ɗora hoton fasfo a wani shafin rajista, ko ya liƙa takarda a jikin imel, ya san wannan ƙaramar tagar da ke buɗewa tana jiran ka zaɓi fayil. Matsalar ita ce sunayen da ke cikinta sau da yawa ba sa gaya maka komai. Wayar Android ta sa wa hoton da ya shigo ta WhatsApp suna irin IMG-20240312-WA0007.jpg, kyamara ta sa DSC_0412, na'urar sikanin kuma ta jera Scan1, Scan2, Scan3. A nan mutum ke tura takardar haihuwa a maimakon sakamakon jarrabawa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi game da yadda ake ganin abin da ke cikin fayil tun daga wannan taga.

Wai ita wannan taga ta wace ce? Ta Chrome ce, ko ta Word, ko ta wa?

Yawancin lokaci ba tasu ba ce. Manhajar da kake aiki da ita roƙon babbar manhajar kwamfutar take yi, wato Windows ko macOS ko Linux, ta ce mata: nuna wa mutumin nan fayilolinsa ya zaɓi ɗaya, ki miƙo mini. Shi ya sa tagar da ke fitowa a Chrome da wadda ke fitowa a Notepad suke kama ɗaya a kan kwamfuta ɗaya, amma Chrome ɗin nan idan ka buɗe shi a Mac sai ka ga wata taga daban.

Idan ka riƙe wannan, rabin tambayoyin da ke tafe sun amsa kansu. A Windows, in hoto bai fito ba a lokacin da kake son ɗora shi a shafin intanet, kada ka wahalar da kanka cikin saitin burauza, domin gyaran ba ya can. Yana wajen Windows, ko kuma wajen wata ƙaramar manhaja da ya kamata a ce tana taimaka wa Windows karanta irin wannan fayil.

Ina amfani da Windows. Yaya zan kunna gefen da ke nuna abin da ke cikin fayil?

Da tagar ta buɗe, duba can sama ta hannun dama, ƙarƙashin akwatin bincike. Akwai wani ɗan maɓalli mai siffar murabba'i da aka raba biyu, kusa da alamar tambaya. In ka aza kibiyar maus a kansa zai rubuta "Show the preview pane". Danna shi, sai gefen dama na tagar ya buɗe. Daga nan duk fayil ɗin da ka danna sau ɗaya, abin da ke cikinsa zai bayyana a wurin. Mai son gajeriyar hanya ya danna Alt da P tare. Su ke buɗewa, su ke rufewa.

Sau ɗaya za ka danna, ba sau biyu ba. Danna biyu daidai yake da ka ce "na zaɓa", tagar ta rufe, fayil ya tafi.

Wannan gefe ya shigo ne da Windows Vista a 2007, kuma yana nan har Windows 11. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne tagar tana miƙewa. Kama kusurwarta ta ƙasa ka ja, ko ka danna saman tagar sau biyu ta cika allo, sannan ka ja layin da ya raba jerin fayiloli da gefen leƙen zuwa hagu. Takardar da a da take kamar tambarin wasiƙa sai ta yi girman da za a iya karanta sunan da ke jikinta.

Ni ba na son gefe. So nake in ga hotunan duka a jere, in zaɓa da ido.

Wannan kuma wani abu ne daban, kuma ga hotuna ya fi sauri. Riƙe Ctrl ka murza tayar maus sama, ƙananan hotunan za su yi ta girma. Ko ka danna ɓangaren dama na maus a inda babu fayil, ka shiga View, ka zaɓi "Large icons" ko "Extra large icons".

Idan maimakon hotunan ka ga alama iri ɗaya tana maimaituwa a kan kowane fayil, to an kashe abin ne. Buɗe File Explorer Options, wato saitin manhajar duba fayiloli ta Windows, ka shiga shafin View, ka cire alamar da ke gaban "Always show icons, never thumbnails". A wannan jeri kuma akwai "Show preview handlers in preview pane", ita kuma a tabbata tana da alama. Masu gyaran kwamfuta kan kashe ƙananan hotunan don tsohuwar na'ura ta ƙara gudu, musamman idan sun shiga saitin Performance Options sun zaɓi "Adjust for best performance", wanda ke kashe su tare da sauran kwalliyar allo. Kwamfutar da aka sayo ta hannu sau da yawa haka take zuwa.

Me ya sa wasu fayiloli ke fitowa, wasu kuma sai ya rubuta "No preview available"?

Saboda Windows ba ta san kowane irin fayil da kanta ba. Hotuna irin JPG da PNG da rubutu tsantsa na TXT ta iya su tun daga gida. Sauran kuwa sai an samu wani ɗan mataimaki da ya yi rajista a wajenta cewa shi ya iya buɗe irin wannan. Waɗannan mataimaka tare da manyan manhajoji suke shigowa. Ka girka Microsoft Office, sai takardun Word da Excel da PowerPoint su fara bayyana a gefen. Ba ka da Office a kan na'urar, ba za su bayyana ba, ko da kuwa kana buɗe su a intanet ba tare da matsala ba.

PDF ya fi kowanne ba mutane ciwon kai, domin manhajoji da yawa na takarar riƙe shi. Adobe Acrobat Reader na da nasa mataimakin, kuma a cikin Preferences ɗinsa, a sashen General, akwai zaɓin kunna ƙananan hotunan PDF a Windows Explorer. SumatraPDF, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi, tana tambaya tun wajen girkawa ko kana son Windows ta riƙa nuna PDF ta hanyarta. Rikici kan tashi idan aka girka biyu ko uku sannan aka cire ɗaya: wanda aka cire ya tafi da rajistar, gefen ya zama fanko. Sake girka wanda kake so shi ne maganin da ya fi sauƙi.

Masu aikin ɗab'i da zanen katin aure sun san wannan da fayilolin CorelDRAW. Ƙaramin hoton CDR yana fitowa ne saboda wani ƙarin da ke zuwa tare da CorelDRAW ɗin. A kwamfutar da ba a girka shi ba, alama kawai za ka gani. Fayil ɗin Photoshop na PSD ma Windows ba ta nuna shi da kanta.

Akwai kuma PowerToys, tarin ƙananan kayan aiki na Microsoft da aka farfaɗo da shi a 2019, kyauta. A cikinsa akwai mataimakan da ke nuna PDF da SVG da Markdown da fayilolin masu rubuta manhaja. A ganina, duk wanda aikinsa ya haɗa da tarin takardu ya kamata ya girka shi.

Ɗan'uwana ya turo mini hotuna daga iPhone, ba ko ɗaya da ke fitowa. Sun lalace ne?

Ba su lalace ba. Duba ƙarshen sunan, in Windows ba ta ɓoye shi ba, za ka ga HEIC. Tun daga iOS 11 a 2017 iPhone ke ajiye hotuna da wannan tsari saboda ya fi JPG rashin cin wuri. Windows na buƙatar ƙarin da ake kira HEIF Image Extensions daga Microsoft Store, tare da na HEVC, kafin ta nuna su. Amma ko sun fito a tagar, yawancin shafukan rajista JPG ko PNG suke karɓa, don haka gara a juya hoton tun da wuri. Mai iPhone ɗin kuma zai iya shiga saitin Camera, ya shiga Formats, ya zaɓi "Most Compatible", daga nan hotunansa su riƙa fita a JPG.

Da PDF ɗina na fitowa lafiya. Yanzu sai wani gargaɗi yake fitowa cewa fayil ɗin na iya cutar da kwamfuta. Me ya faru?

Ba kai ka ɓata komai ba. Daga sabuntawar tsaro ta 14 ga Oktoba 2025, Microsoft ta sa File Explorer ya daina leƙa fayilolin da aka sauko da su daga intanet. Tagar buɗe fayil da File Explorer kuwa gidansu ɗaya, don haka kada ka yi mamaki in ka ci karo da saƙon a can ma.

Yadda Windows ke gane su: duk abin da ka sauke ta burauza ko daga imel, ana liƙa masa wata ɓoyayyar shaida da ke cewa daga waje ya zo. Dalilin toshewar shi ne an gano ana iya shirya fayil ta yadda leƙensa kawai zai sa kwamfutarka ta tuntuɓi wata kwamfuta a waje, ta miƙa mata bayanan shiga na asusunka a dunƙule, waɗanda ɓarawo zai iya aiki da su.

Idan ka san inda fayil ɗin ya fito kuma ka yarda da shi, danna ɓangaren dama a kansa, ka shiga Properties, can ƙasa a shafin General za ka ga "Unblock". Sa masa alama ka danna OK. Wani lokaci sai ka fita daga asusunka ka sake shiga kafin ya kama. Za ka ga masu ba da shawarar a kashe wannan kariya baki ɗaya. Ban goyi baya ba, musamman a kwamfutar ofis da ke haɗe da sauran kwamfutoci, domin can ne satar irin wannan bayani ta fi yin ɓarna.

To ashe leƙen ma akwai haɗari? Ni na ɗauka ya fi buɗewa aminci.

Ya fi, amma ba garkuwa ba ne. Kafin a nuna maka fayil dole wata manhaja ta karanta shi, kuma duk inda aka karanta, idan mai karantawar na da rauni, ana iya shigowa ta nan. Windows na rage haɗarin ta hanyar gudanar da mataimakan a wani keɓaɓɓen wuri mai suna prevhost.exe wanda ba shi da cikakken iko, kuma leƙen takardar Word ko Excel ba ya tayar da makaro ɗin da ke cikinta, wato ƙananan umarnin da ake sakawa a cikin takarda su yi aiki da kansu.

Duk da haka an sha samun ɓaraka. A Maris 2020, da aka gano rauni a yadda Windows ke karanta wasu nau'o'in haruffa, shawarar da Microsoft ta bayar kafin gyara ya fito ta haɗa da kashe gefen leƙen. A 2022 kuma aka samu raunin da aka yi wa laƙabi da Follina, inda fayil ɗin RTF da aka shirya da mugunta kan iya tashi daga leƙe kawai. Duka an toshe su, amma ga wanda ke sabunta Windows ɗinsa. Wanda ya kashe sabuntawa don tsimin data, ko yake kan Windows 7 da aka daina tallafa wa tun Janairu 2020, shi ƙofarsa a buɗe take.

Wani abin lura: waccan shaidar "daga intanet" tana zama ne a kan ma'ajiyar da ke da tsarin NTFS. Yawancin filash FAT32 ne ko exFAT, kuma da an kwafa fayil zuwa cikinsu shaidar ta faɗi. Ma'ana, fayil ɗin da kwastoma ya kawo a filash ba za a toshe leƙensa ba, ko da daga intanet ya samo shi. Masu shagon kafe da bizines senta su riƙe wannan.

Sannan ka kunna "File name extensions" a menu na View. Windows na ɓoye ƙarshen suna tun daga masana'anta, shi ya sa abin da ainihin sunansa takarda.pdf.exe, wato manhaja ce ba takarda ba, yake bayyana a matsayin takarda.pdf. Alamar fayil ana iya ƙirƙirarta, amma idan "PDF" ɗin ya ƙi nuna komai a gefen alhali sauran PDF na nunawa, ka tsaya ka duba shi da kyau.

Na zaɓi fayil ina son in canja masa suna ko in goge shi, ya ce yana buɗe a wani wuri. Alhali ban buɗe shi ba.

Gefen leƙen ne ya riƙe shi. An fi ganin haka da PDF da takardun Office. Danna Alt da P ka rufe gefen, ka yi abin da za ka yi, ka sake buɗewa.

Leƙen yana cin data?

Ga fayil ɗin da ke cikin kwamfutarka, ko kaɗan. Inda ake samun matsala shi ne OneDrive da ire-irensa. Tun 2017 Windows 10 ke da tsarin da sunan fayil ke bayyana a folda amma ainihinsa yana can a rumbun intanet. Za ka gane shi da alamar gajimare a gefensa. Ƙaramin hoto kan fito ba tare da an sauke fayil ɗin ba, amma cikakken leƙe na iya jawo shi gaba ɗaya. Idan bidiyo ne mai nauyi kuma da wayarka ka haɗa kwamfutar, za ka ji a jikinka. A irin wannan folda, rufe gefen kafin ka fara yawo da kibiya.

Wata manhaja tagar da take buɗewa ba ta da maɓallin da ka ambata. Me ya sa?

Ko dai tsohuwa ce da ke kiran tagar zamanin Windows XP, ko kuma ta zo da tata. GIMP, alal misali, tagar kansa yake amfani da ita, da nasa gefen leƙen. Manhajoji da yawa da aka rubuta da Java ma haka, kuma nasu sau da yawa ba ya nuna hoto sam.

Dabarar da ke aiki kusan ko'ina: buɗe File Explorer daban, ka nemo fayil ɗin da idonka a can, ka riƙe Shift ka danna ɓangaren dama a kansa, ka zaɓi "Copy as path". A Windows 11 Ctrl da Shift da C ma na yi. Sai ka dawo tagar, ka liƙa a akwatin "File name", ka danna Enter. Idan manhajar ta ƙi, goge alamomin zance biyu da ke farko da ƙarshen adireshin.

Kada ka jawo fayil daga File Explorer ka saki cikin jerin fayilolin tagar a Windows. Ba zaɓarsa za ta yi ba, ɗauke shi za ta yi ko ta kwafe shi daga foldarsa zuwa wadda tagar ke nunawa, ka zo kana nema daga baya. A shafukan intanet da yawa kuwa kana iya jawo fayil ɗin kai tsaye ka saki a kan wurin ɗorawa, ba sai tagar ta shigo ciki ba.

Mac fa?

Nan abin ya fi sauƙi. Zaɓi fayil a cikin tagar ka danna dogon maɓallin tazara. Wata taga za ta taso da fayil ɗin a babba: PDF za ka iya bin shafukansa, bidiyo da sauti su kunnu, takardar Word ta bayyana ko da ba ka da Office. Kibiyoyin sama da ƙasa na kai ka fayil na gaba ba tare da an rufe ba, sake danna tazara kuma ya rufe. Sunansa Quick Look, ya zo da Mac OS X Leopard a Oktoba 2007. Idan kuma ka danna Command da 3, tagar ta koma tsarin ginshiƙai, inda ginshiƙin ƙarshe ke nuna fayil ɗin da girmansa da ranar da aka yi shi.

Jawowar da na hana a Windows, a Mac halal ce: ka jawo fayil daga Finder, manhajar duba fayiloli ta Mac, ka saki a kan tagar, sai ta yi tsalle zuwa foldarsa ta zaɓe shi, ba ta motsa shi daga inda yake ba.

Ina kan Ubuntu. Me ya sa ba na ganin hotuna a jere idan zan ɗora hoto?

Ka taɓo tsohon ciwo. A 2004 aka shigar da ƙorafi cewa tagar zaɓen fayil ta GTK (kayan gina manhajoji a Linux), wadda GNOME, tsarin allon da Ubuntu ke zuwa da shi, ke amfani da ita, ba ta da tsarin nuna hotuna a jere. Ƙorafin ya zauna shekara 18, har ya zama abin zolaya tsakanin masu Linux. Sai a Disamba 2022 aka shigar da gyaran, ya isa hannun jama'a da GTK 4.10 da GNOME 44 a Maris 2023. A GNOME 47 na Satumba 2024 kuma aka ɗora tagar a kan manhajar Files kanta, ta yadda abin da kake gani a mai sarrafa fayiloli shi kake gani a wajen zaɓa.

Idan har yanzu jerin sunaye kawai kake gani, ko dai Ubuntu ɗinka tsohuwa ce, ko manhajar tana kiran tagar GTK 3 kai tsaye. Ga Firefox akwai gyara: rubuta about:config a wurin adireshi, ka nemo widget.use-xdg-desktop-portal.file-picker, ka mai da ƙimarsa 1. Wannan zai sa ya riƙa neman tagar tsarin da kake kai. Masu KDE, wani tsarin allon Linux daban, sun daɗe da hutawa, domin tagarsu na da ƙananan hotuna da gefen leƙe tun shekaru da dama. A menu na saitin tagar ake kunna su.

Na goge hoto daga kwamfutar shago. Ƙaramin hotonsa zai iya zama a wani wuri?

Zai iya. Don kada ta riƙa sake zana ƙananan hotuna kullum, Windows na tara su a wasu fayiloli masu suna da ya fara da thumbcache, cikin foldar AppData ta mai asusun. A zamanin XP a cikin kowace folda ake ajiye su da sunan Thumbs.db. Goge ainihin hoton ba lallai ya goge wannan kwafin nan take ba, kuma masu binciken laifukan kwamfuta kan duba wurin.

Sharewa ba wuya: buɗe Disk Cleanup, ka sa alama a kan Thumbnails, ka danna OK. A Windows 10 da 11 akwai shi kuma a Settings, cikin System, Storage, Temporary files. Wannan sharewar ita ce kuma maganin ƙananan hotunan da suka rikice, inda fayil ke nuna hoton wani fayil ko baƙin murabba'i. Idan katin shaida ko takardar banki ka kai kafe aka yi maka sikanin, ba rashin kunya ba ne ka roƙi mai shagon ya goge fayil ɗin a gabanka, ya kuma zubar da Recycle Bin.

Takardun Word ashirin gare ni masu kama da juna. Akwai hanyar da shafin farko zai riƙa fitowa a matsayin alamar kowace?

Akwai. Lokacin adanawa, a tagar Save As ta Word, sa alama a "Save Thumbnail" kafin ka danna Save. Daga nan takardar za ta riƙa nuna shafinta na farko idan ka zaɓi manyan alamomi. Sai dai takardun da suka fara da kan wasiƙa iri ɗaya duk fuska ɗaya za su nuna maka, kuma a ƙaramin hoto ba za ka iya karanta sunan wanda aka rubuta wa ba. A nan gara ka koma tsarin Details, ka danna kan ginshiƙin "Date modified" na baya-bayan nan ya hau sama, sannan ka bi su da gefen leƙe. In ka gano wadda kake nema, danna F2 nan take a cikin tagar ka canja mata suna zuwa abin da za ka gane gobe, kamar wasikar-haya-2025 a maimakon Document14. Idan ta ƙi, gefen ne ya riƙe ta. Rufe shi ka sake danna F2.